RA'AYINMU: Sunan Makaranta da Makin Ɗalibi a Ƙofar Aikin Lauya

Duk shekara, da zarar an fitar da sakamakon jarrabawar shiga jami'a, akwai wata tambaya da ke zagaya gidajen Kakuri da Makera da Barnawa da Narayi har zuwa Sabon Tasha, watau: yaron nan da ya ce shi lauya zai zama, wace jami'a ya kamata ya nema? Uba ya tambayi maƙwabci, maƙwabci ya tambayi wani ɗan'uwansa mai aiki a kotu, amsar kuwa kusan kullum ɗaya ce: a nema masa mai suna. Mun ga ya dace wannan mujalla ta tsaya ta dubi wannan amsa da idon basira, domin a cikinta akwai gaskiya, akwai kuma rashin adalci, mu ɗalibai kuwa mu ne ke ɗaukar nauyin duka biyun.

Bari mu fara da yadda al'amarin yake, don kada mu yi kitso a kan ƙwarƙwata. Kafin 'yancin kai, duk ɗan Nijeriya da ke son zama lauya sai ya ƙetare teku zuwa Ingila. Ta wannan hanya ce Alhaji Abdulganiyu Abdulrazaq na Ilori ya zama lauya na farko daga Jihar Arewa a 1955, Muhammadu Bello na Katsina ya bi bayansa a 1956, shi ne kuwa ya riƙe muƙamin Babban Jojin Ƙasa daga 1987 zuwa 1995. Hanya ce mai tsada, wadda ba ta ɗaukar kowa sai wanda gwamnati ta biya wa ko ɗan mai hali. Saboda haka ne aka yi dokar ilmin lauya ta 1962, aka kafa Majalisar Kula da Ilmin Lauya, sa'an nan aka buɗe Makarantar Horar da Lauyoyi ta Nijeriya a titin Igbosere a Ikko cikin Janairu 1963, da ɗalibai 8 kacal. A 1997 hedkwatarta ta koma Bwari kusa da Abuja, daga baya aka yi mata rassa, ciki har da na Bagauda a Jihar Kano da na Yola. Manufar kafa ta ita ce a faɗaɗa ƙofa, ɗan talaka ya shiga ba tare da ya ga Landan ba. Da wannan ma'auni za mu auna abin da ke faruwa yau.

A Amurka, inda aka fi yin gardama a kan wannan batu, mutum ba ya karatun lauya sai ya gama digirin farko a wani fanni. Makarantun lauya na can su kan dubi makin da ya tara a digirin nan, da sakamakonsa a wata jarrabawa ta bai ɗaya da ake kira LSAT, wadda makinta ke farawa daga 120 ya tsaya a 180. Samarinsu su kan kwana suna lissafi: shin ya fi kyau mutum ya fito da maki mai yawa daga ƙaramar kwaleji, ko ya fito da matsakaici daga mai suna? Suna da hujjar damuwa, don kuwa a 2022, daga cikin alƙalai 9 na Kotun Ƙolinsu, 8 sun fito ne daga Harvard ko Yale. Amma duk da haka, cikin Nuwamba na shekarar nan, waɗannan makarantu biyu da kansu suka janye daga jerin gwanon da wata mujalla ke yi wa makarantun lauya, suna masu cewa jerin yana cutar da ɗalibai marasa ƙarfi. Idan har masu cin ribar suna sun fara shakkar ma'aunin, ai bai kamata mu mu rungume shi ido rufe ba.

Tsarinmu dabam yake. A nan yaro ya kan shiga sashen shari'a ne kai tsaye daga sakandare, ya yi shekara 5, ko 4 in ya shigo da wata takardar da ta ɗara ta sakandare, sa'an nan ya tafi Makarantar Lauyoyi ya yi shekara guda kafin a rantsar da shi. Wato ke nan ƙofofi uku ne a gabansa, kuma a kowace ƙofa ana tambayarsa abu biyu: daga ina ka fito, nawa ka ci?

Ƙofa ta farko ita ce wadda ba a cika maganarta ba, alhali ita ta fi kowace kā da mutane. Mai neman karatun shari'a yana bukatar kiredit 5, ciki har da Turanci da Adabin Turanci, ga kuma jarrabawar Hukumar JAMB mai maki 400, wadda a fannin shari'a ake neman sakamako mai tsoka saboda yawan masu nema. To, a ɗauki yara biyu masu ƙwaƙwalwa iri ɗaya. Ɗaya yana makarantar kuɗi a Barnawa, ajinsu bai cika ba, littattafan adabi suna hannunsa tun farkon zango. Ɗayan yana makarantar gwamnati ta jeka-ka-dawo a Nasarawa ko Unguwar Romi, yana raba littafi guda da abokansa, da yamma kuma yana taya uwarsa tsaron shago. Ranar jarrabawa takarda ɗaya za a ba su, lokaci ɗaya za a ƙayyade musu. Idan sakamako ya fito aka ce na farko ya fi, ba ƙarya aka yi ba, sai dai abin da aka auna ya haɗa da aljihun uba. Gwamnatin Tarayya ta san da irin wannan giɓi, shi ya sa a jami'o'inta aka kasa gurabe kashi 45 bisa cancanta, kashi 35 ga jihohin da ke kewaye da jami'a, kashi 20 ga jihohin da aka bari baya a ilmin zamani. Amma wannan kasafi jihohi yake gani, ba ya ganin unguwanni. Ɗan babban sakatare da ɗan tsohon ma'aikacin masaƙa duka 'yan Jihar Kaduna ne a takarda.

Ƙofa ta biyu ita ce jami'a, a nan ne kuwa shawarar nan ta "a nemi mai suna" take da gaskiyarta, amma ba don dalilin da mutane ke zato ba. Makarantar Lauyoyi ba ta zaunawa ta ce ɗan jami'a kaza ya fi ɗan jami'a kaza daraja. Abin da ke akwai shi ne ƙayyadadden adadi. Majalisar Kula da Ilmin Lauya ta kan duba malaman kowane sashen shari'a, da ɗakin karatunsa, da azuzuwansa, sa'an nan ta yanke masa yawan ɗaliban da zai ɗauka, wanda shi ne yawan kujerunsa a Makarantar Lauyoyi kowace shekara. Tsofaffin jami'o'i irin su Ahmadu Bello ta Zariya da Bayero ta Kano da ta Ikko suna da kujeru fiye da 200 kowacce. Sababbi da yawa 50 aka ba su. Matuƙar jami'a ta tsaya a kan adadinta, ɗalibinta ba shi da fargaba, ko da kuwa ba wanda ya taɓa jin sunanta a Kakuri.

Matsala ta kan taso ne idan kwaɗayin kuɗin makaranta ko matsin lambar manya ya sa jami'a ta ɗauki fiye da abin da aka yarje mata. Ɗalibai su gama, kujeru su kasa, a shiga layi. Wannan ba tatsuniya ba ce. A Nuwamba 2023 Majalisar ta dakatar da Jami'ar Baze ta Abuja daga ɗaukar ɗaliban shari'a har shekara 5, bisa dalilin cewa ta zarce adadinta na 50, ta tara ɗaruruwan waɗanda suka gama suna jiran kujera. A Janairu 2025 Hukumar JAMB ta ba da sanarwar cewa ba za ta ɗauki ɗaliban shari'a a makarantu 8 ba a zangon karatu na gaba, saboda hukuncin da Majalisar ta yanke musu. Kafin wannan akwai labarin waɗanda suka karanta shari'a a Jami'ar Karatu Daga Gida ta Ƙasa, yawancinsu ma'aikata masu iyali, waɗanda aka hana shiga Makarantar Lauyoyi shekara da shekaru, aka je kotu, aka gyara dokar jami'ar a 2018, sai daga baya aka buɗe musu hanya ta wani kwas na musamman. A duk waɗannan, wa ya yi laifi? Hukumomi. Wa ya biya? Ɗalibi, da shekarun ƙuruciyarsa, da kuɗin da uwa ta tara a adashi. An daki gurbi, an bar ɓarawo.

A wannan layin jira ne maki ke nuna ƙarfinsa. Idan masu gamawa sun fi kujeru yawa, galibi jami'a ta kan jera su ne bisa makin da kowa ya tara, na sama su wuce, na ƙasa su jira wata shekara. A ma'aunin maki 5 da yawancin jami'o'inmu ke bi, daraja ta ɗaya tana farawa daga 4.50, ta biyu babba daga 3.50, ta biyu ƙarama daga 2.40. Mutum biyu za su zauna aji ɗaya shekara 5, bambancinsu bai fi ɗigo ba, ɗaya ya sa rigar lauya bana, ɗayan ya zauna gida yana amsa tambayar maƙwabta. Ba mu ce jerawa bisa maki mugun abu ba ne. Ya fi jerawa bisa sanayya nesa ba kusa ba. Abin da muke cewa shi ne, layin da kansa bai kamata ya kasance ba, kuma wanda ya haddasa shi ba ya cikinsa.

Akwai kuma wani abu game da maki da ya kamata a faɗa ba tare da kunya ba. Maki ba awo ɗaya ba ne a ko'ina, kamar yadda mudun Kasuwar Barci ba lalle ya yi daidai da na Kasuwar Sabo ba. Wata jami'a malamanta suna alfahari da rowar maki, har a yi shekaru ba a ga mai daraja ta ɗaya ba. Wata kuwa hannunta a sake yake. Ɗalibin jami'ar gwamnati ya sha yajin aikin malamai na wata 9 a 2020 da na wata 8 a 2022, ya dawo aka cusa masa karatun zango cikin 'yan makonni, yayin da takwaransa na jami'ar kuɗi bai rasa ko kwana guda ba. Duk wanda ya ɗauki takardun waɗannan biyu ya kwatanta lamba da lamba, ba tare da ya tambayi yadda aka same su ba, ya yi hukunci kafin ya saurari shaida, abin da ake koya wa ɗan aji ɗaya a sashen shari'a kada ya yi.

Ƙofa ta uku, watau Makarantar Lauyoyi kanta, ita ce a ganinmu mafi kusa da adalci, kuma ya kamata a yaba mata a kan haka. A can ɗan Zariya da ɗan Nsukka da ɗan jami'ar da aka kafa jiya da wanda ya yi karatu a Ingila duka kan benci ɗaya suke zama, darussa 5 iri ɗaya suke ɗauka: shari'ar laifuffuka, shari'ar ƙararrakin jama'a, dokar kamfanoni, dokar filaye da dukiya, da ladubban aikin lauya. Jarrabawa ɗaya ce ga kowa. An daɗe ana kuka da tsohuwar ƙa'idarta ta auna ɗalibi da darasin da ya fi rauni a cikinsa, ta yadda wanda ya yi zarra a huɗu ya yi tuntuɓe a ɗaya zai fita da sakamakon tuntuɓen. Amma ko wannan tsanani bai san sunan jami'ar kowa ba. Kowace shekara ana ganin 'yan ƙananan jami'o'i cikin masu daraja ta ɗaya, ana kuma ganin 'yan manyan jami'o'i cikin masu maimaitawa. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa suna ba ya shiga ɗakin jarrabawa tare da mai shi.

Abin baƙin ciki, da an fito daga wannan ƙofa sai suna ya dawo da ƙarfinsa. Manyan ofisoshin lauyoyi na Ikko da Abuja da kamfanoni da bankuna su kan nemi daraja ta biyu babba a jami'a da kuma a Makarantar Lauyoyi, wasu su ƙara da iyakar shekarun haihuwa. Wanda yajin aiki ya ci masa shekara, layin jira ya ci masa wata, zai iske shekarun sun wuce ba da laifinsa ba. A bayan sharuɗɗan da aka rubuta kuma akwai wanda ba a rubutawa: mai ɗaukar aiki ya fi sakin jiki da wanda suka fito gida ɗaya.

Za a ce mana, to ai sunan nan ba daga sama ya faɗo ba. Gaskiya ne, ba mu musa ba. Sashen shari'a na Kongo a Zariya ya yi suna ne saboda shekaru fiye da 60 na koyarwa, da ɗakin karatun da aka daɗe ana tarawa, da ɗimbin alƙalai da lauyoyin da ya yaye, waɗanda ke buɗe wa na baya ƙofa. Mai Shari'a Muhammadu Lawal Uwais, Babban Jojin Ƙasa daga 1995 zuwa 2006, a Makarantar Koyon Mulki ta nan Kongo ya fara karatun shari'a kafin ya tafi Ingila. Za a kuma ce mana, aikin lauya aiki ne da ya shafi rai da dukiya da mutuncin mutane, ba a sassauta ma'auninsa don tausayi. Wannan ma mun yarda, har ma mun fi mai faɗa yarda, domin talaka ne ke fara shan wahalar lauyan da bai san aikinsa ba. Ƙayyade adadi abu ne mai kyau, kuma Majalisa tana da gaskiya da take tsare shi. Inda muka rabu da masu wannan magana shi ne, suna shaida ce a kan makaranta, a kan abin da ta yi jiya. Bai isa shaida a kan wannan yaro da ke tsaye gabanka yau ba. A bar ma'auni da tsaurinsa, amma a ɗora mutumin a kansa, kada a ɗora allon ƙofar makarantarsu.

Me ya sa wannan ya dame mu musamman a kudancin kogin Kaduna? Domin wannan yanki ne da ma'aikata suka gina. Masaƙar KTL ta fara aiki a Kakuri a 1957, wasu masaƙu suka biyo, kamfanin haɗa motoci na Peugeot ya zo a 1975, mutane suka taru daga kowace kusurwa ta ƙasa. Da masaƙu suka durƙushe, KTL a 2002, UNTL a 2007, dubban gidaje suka rasa abin dogaro, tsofaffin ma'aikata kuma suka shafe shekaru suna bin haƙƙin sallamarsu, wasu har suka riga mu gidan gaskiya ba su gani ba. Jama'ar da ta ga irin wannan ta san darajar lauya. Bayan haka, rikicin 2000 ya raba garin nan gida biyu, kogi ya zama iyaka, har gwamnatin Ahmed Maƙarfi ta sake fasalin kotuna a 2001, aka samu kotunan shari'ar Musulunci da kotunan gargajiya gefe da gefe da na majistare. Jihar da ke tafiya da dokoki iri uku tana bukatar lauyoyi da alƙalai da suka taso cikin kowace unguwa, masu jin harshen mai ƙara, masu sanin yadda ake gadon gona a ƙauye da yadda ake hayar ɗaki a Television. Idan ƙofar aikin ta zama ta 'ya'yan gidaje ƙalilan da makarantu ƙalilan, to kotu za ta zama baƙuwa ga waɗanda aka kafa ta dominsu.

Saboda haka ga abin da muke kira a yi. Na farko, a tilasta wa kowace jami'a ta buga adadin kujerun da aka ba ta da adadin ɗaliban da ke kowane aji nata, a manna a allon sanarwa, a kuma rubuta cikin takardar ɗaukar ɗalibi, don uba ya san abin da yake saye kafin ya biya. Na biyu, idan jami'a ta zarce adadinta, a kama ta tun a shekarar da ta ɗauka, tunda sunayen duka suna bi ta hannun JAMB, kada a jira sai yara sun gama. Hukunci ya hau kan shugabannin da suka sa hannu, a kuma nema wa ɗaliban da ke ciki mafita. Na uku, inda layi ya riga ya samu, a fito da ƙa'idar jerawa fili, kowa ya ga makinsa da matsayinsa, a rufe ƙofar bayan gida. Na huɗu, Gwamnatin Jihar Kaduna ta dubi makarantun sakandarenta, ta tabbata kowace tana da malamin Adabin Turanci da littattafan da ake jarrabawa a kansu, domin yaron da bai samu wannan kiredit ba an rufe masa fannin shari'a tun yana ɗan shekara 16. Na biyar, muna roƙon reshen Ƙungiyar Lauyoyi na Kaduna da manyan ofisoshi su riƙa gwada masu neman aiki da rubutu da muhawara, su ga abin da hannu zai iya, kafin su dubi kan takarda.

Mu ma ƙungiyoyin ɗalibai akwai namu. Lokacin hutu, maimakon zaman majalisa a bakin titi, 'yan sashen shari'a su koma makarantun da suka fito su gaya wa ƙannensu gaskiyar hanya: waɗanne darussa ake bukata, yadda ake bincika ko Majalisa ta amince da sashe, da abin da ya kamata a tambaya kafin a cika fam. Sanin da ɗan gata ke samu a teburin cin abincin gidansu, mu kai wa ɗan talaka har ajinsu.

Daga ƙarshe, ga 'yan'uwanmu da ke cikin karatun yanzu. Wanda Allah Ya kai shi jami'a mai suna, ya tuna wasu ne suka gina sunan da guminsu, aro aka ba shi, kuma ranar jarrabawar Bwari ba za a tambaye shi ba. Wanda kuma ya samu kansa a ƙaramar jami'a, kada ya sunkuyar da kai. Ya tabbatar sashensu yana kan ƙa'ida, sa'an nan ya riƙe makinsa tun daga aji ɗaya, don maki tarawa ake yi, abin da aka zubar a shekarar farko da wuya a kwashe shi a ta biyar. Cikin abubuwa biyun nan da ake tambaya a kowace ƙofa, ɗaya ne kawai ke hannun ɗalibi, sai ya riƙe shi da kyau, mu kuwa mu ci gaba da matsa wa hukumomi su gyara ɗayan. Makarantar da ta fara da mutum 8 a Igbosere an kafa ta ne don kada asalin mutum ya hana shi tsayawa gaban alƙali. Haƙƙinmu ne mu riƙa tuna wa masu riƙe da ita wannan alkawari. Allah Ya ba mu ilmi mai amfani, Ya kuma ba shugabanninmu ikon yin adalci.